Ƙurajen Hindu a gidan Hadje Mama

A gidan Hadje Mama da ke bayan babbar kasuwar Garwa ba a kulle akwati, ba a kuma cewa abu kaza nawa ne. Kakannin gidan fatake ne da suka zo daga wajen Kano da kayan koli, suka zauna, suka bar wa jikokinsu wannan ɗabi'a. Mata goma sha ɗaya ne a gidan ban da baƙi, kuma baƙi ba sa yankewa. In ka ajiye takalmi a ƙofar ɗaki, sai dai ka gan shi a ƙafar wata ta dawo daga biki. Mutanen unguwa suna yabon gidan, kuma da gaskiyarsu. Ni ma na sha cin tuwo a can ba a tambaye ni ɗan wane ne ni ba.

Wannan ɗabi'a ce ta raini Hindu. Tana da shekara shida aka kawo ta daga Pitowa, bayan uwarta ta rasu a lokacin tsinkar auduga. Dangantakarsu da Hadje ta nesa ce, irin wadda sai an zauna ake warware ta, amma Hadje ba ta tsaya warwarewa ba. Ta ɗauko zanen 'yarta ta ɗaura mata, ta zaunar da ita a bakin kwano ɗaya da jikokinta. Tun daga ranar duk abin da Hindu ta sa a jiki ko ta kai baki na wata ne, kuma ba a taɓa goranta mata ba.

Ƙurajen sun fara tana shekara goma sha huɗu. Aka ce na balaga ne, za su wuce. Na sa'o'inta suka wuce, nata suka samu wurin zama. Manya ne masu zafi, a kumatu da haɓa, in ɗaya ya kwanta sai ya bar baƙin tabo, wani ya fito a gefensa. Duk macen da ke gidan ta zama likita. An goga mata lemon tsami da toka, an dafa mata ganyen darbejiya, an dirje ta da soso da sabulun salo har fuskar ta riƙa raɗaɗi in ta yi alwala. Wata ta ce gyaɗa ce, aka hana ta gyaɗa shekara biyu. Wata ta ce mugun jini ne. Duk da ƙauna aka yi mata, kuma duk sun ƙara ɓata fuskar.

Ta koyi ɗinki, ta kuwa iya. A shagon da take aiki kan hanyar asibiti, kekenta na can ciki yana kallon bango, ita ta zaɓi wurin. Amare suna zuwa awo, ta durƙusa ta auna su kanta a sunkuye. Ba ta shiga hoto. In an ɗaga waya a wurin suna, sai ta tuna akwai tukunya a wuta. Ta kai shekara ashirin da tara har ta manta yadda fuskarta take in babu ciwo a kanta, kuma wannan abu yana cin ranta fiye da yadda kowa ya sani.

Akwai wani likitan fata, Dokta Achille, da ke zuwa daga Yawunde sau ɗaya duk wata uku. Sau biyu Hindu ta gan shi, sau biyu ya rubuta mata magani: sabulun ruwa na wanke fuska safe da yamma, wani mai a ɗan tub irin na man goge baki da ake shafa kaɗan kamar ƙwayar wake bayan isha'i, da man kare rana. Ya ce tawul ɗinta ya zama nata ita kaɗai, kada ta matse, kada ta dirje, ta yi mako goma sha biyu ba fashi. Karo na farko maganin ya kwana tara a gidan. Sabulun ya ƙare a wankan jarirai saboda ƙamshinsa, man kuma wata ta shafa wa kaushin ƙafarta. Karo na biyu ya kai mako biyu. Tawul kuwa, ranar da ta rataye shi ranar aka goge wa yaro majina da shi.

A zuwa na uku likitan ya juya fuskarta zuwa taga ya daɗe yana dubawa.

“Madam, ba maganin ne ya gaza ba,” ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa yana cikewa da Faransanci. “Duk sanda kika fara kika katse, tabon yana ƙara nitsewa. Waɗannan na kumatu sun kusa zama na har abada. In ba za ki kai mako goma sha biyu ba, kada ki zo randebu na gaba, ba abin da zan ƙara miki.”

Man na dare ba a samunsa a farmasin Garwa, sai an aiko daga Duwala, kuma ɗinkin salla gaba ɗaya ta yi kafin ta iya sayensa. Wannan karon Hindu ta yi abin da ba a yi a gidan Hadje. Sabulu da man rana ta bar su a aljihun kekenta a shago. Tub ɗin ta saka shi cikin gwangwanin madara, ta rufe da tarkacen zare, ta tura ƙarƙashin gado. Ƙyallen atamfa ya zama tawul ɗinta, tana yawo da shi a jaka. Kullum in ta shiga banɗaki da gwangwanin a ƙarƙashin hijabi, ji take kamar ɓarauniya, alhali guminta ne.

Mako uku na farko fuskar ta bushe tana saɓa, ƙurajen suka ƙaru, kamar yadda likitan ya gargaɗe ta. Ta daure. A mako na biyar zafin ya tafi. A na bakwai ta wanke fuska da safe, tafin hannunta ya wuce kan kumatu bai ci karo da komai ba. Ta tsaya da ruwa a hannu ta kasa motsi. Ranar ta juya kekenta ya kalli ƙofa, mai shagon ya tambaye ta ko lafiya.

Fuskar ce ta tona mata asiri. A makon aka yi suna a gidan, baƙi suka zo daga Tibati da kifi busasshe, cikinsu har da Nafisatu, jikar ƙanwar Hadje, budurwa mai 'yan ƙuraje uku a goshi da take ta kuka a kansu. Ana cikin tsakar gida ana yankan albasa, uwar Nafisatu ta kama haɓar Hindu ta ɗaga.

“Ke kuwa me kika samu haka? Bara da na zo ai fuskar nan ba ta kalluwa.”

Mata suka taru suna dubawa. Hadje tana kan tabarmarta, ta kira ta.

“'Yar nan, magani kike sha?”

Hindu za ta iya yi wa kowa ƙarya a duniya ban da wannan tsohuwa. Ta ce na shafawa ne.

“Yana ina?”

“Yana ɗaki, Hadje.”

“Mako nawa?”

“Bakwai.”

Hadje ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai dube ta, ta ce, “Mako bakwai kina da abin da ke aiki, 'yan'uwanki suna kwana ɗaki ɗaya da ke. Me muka taɓa ɓoye miki?”

Ba su taɓa ɓoye mata komai ba, shi ne abin baƙin cikin. Hindu ta durƙusa ta yi bayani: saura mako biyar, an auna shi daidai ita kaɗai, ba a samunsa a gari, likita ya ce wannan ne karo na ƙarshe. Da ta ga ba a ji, ta ce yana da ƙarfi, mai ciki ma ba ta shafawa.

“To madalla da kika faɗa,” in ji Hadje. “Laila, ban da ke, tunda kina da ciki.”

Hindu ta ɗauko gwangwanin da kanta. Hadje ta sa aka kawo almakashi da farar leda, ta yanke gindin tub ɗin, ta riƙa lakato man da tsinken ashana tana ƙullawa ƙulli-ƙulli, har takwas. Na Nafisatu ta ƙara masa saboda baƙuwa ce. Na ƙarshe ya fi kowanne girma, ta miƙa wa Hindu.

“Ga naki. Na fifita ki, tunda ke kika fi bukata.”

Hindu ta karɓa hannu biyu ta ce ta gode.

Ta yi ta tattalin ƙullin, ya kai ta kwana shida. Sauran matan suka shafa nasu dare biyu, suka ce yana sa fuska ƙaiƙayi, suka yar. Kafin wata ya ƙare ƙurajen suka dawo a wuraren da suka saba, suka zo da sababbi. Ranar randebu, ranar komawa wurin likita, ta hau moto, babur ɗin haya, za ta shago, mai moton ya rage gudu a ƙofar asibiti don ya san ta, ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya wuce.

Yanzu shekara biyu ke nan. Tabon kumatun ya zauna, ramuka ne ƙanana da hoda ba ta cikewa. Ba ta ƙara neman magani ba, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa baƙar magana a kai ba. Kwanan baya tana tsefe wa Hadje kai da hantsi, tsohuwar ta waiwayo ta ƙura wa fuskarta ido, tausayi ya cika ta.

“Ashe maganin nan naki ma ba na kirki ba ne,” ta ce. “Kin ga da kin ɓata da 'yan'uwanki a banza.”

“Haka ne, Hadje,” in ji Hindu, ta ci gaba da tsifa.