Kofin Da Ya Tafi Dosara

Ni na tsara jadawalin makin gasarmu ta tseren mota, kuma har yau in na buɗe shi a kwamfuta raina ɓaci yake. Ba motar gaske ba ce. Wani abokinmu ne a Talata Mafara ya sa sitiyari biyu da totur da birki a gaban talabijin a bayan shagonsa, muka mai da wurin dandali. Ranar Talata muke yi bayan la'asar, saboda ranar ce mutanen Bakura da Maradun ke shigowa kasuwa. Bibbiyu ake karawa.

Da yake ni ne mai aikin ofis, aka ɗora mini riƙe maki. Na yi wa kowa layinsa, kowane tsere da gurbinsa. Da na shigar da sakamako, jadawalin ya tara da kansa, ya jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na ci wuya kafin ya zauna daidai, kuma ina alfahari da shi, don ba ya son kai.

Wanda ya fi mu iya tuƙi wani mahauci ne, ɗan unguwarmu. Hannun da ya saba da wuƙa ba ya rawa. Kwanar da mu ke shiga ciyawa, shi yana shan ta kamar yana tsallaka kwata. Amma duk mako in na duba, yana na biyu. Na ɗaya kuwa wani mai sayar da hatsi ne daga Dosara, mutumin kirki, mai fara'a, wanda da kaɗan tuƙinsa ya fi namu, bai ko kama ƙafar mahaucin ba. Shi ne yayan matar mahaucin.

Abin ba a ɓoye yake ba. Duk ranar da suka haɗu, mahaucin zai ba shi rata mai tsawo, sai an zo kwanar ƙarshe ya ɗaga ƙafa daga totur, ya kama tari ko gyaran hula, har surukin ya wuce. Sauran su yi ta murmushi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa in zauna ina shigar da ƙarya cikin jadawalin da na yi don gaskiya.

Na same shi a rumfarsa yana datsar ƙashi. Bayan mun gama gaisawa na ce, “Wai kai me ke damunka? Wasa ne fa.”

Ya ce, “Malam, yayan matata na. Ƙaƙa za ni wuce shi gaban jama'a?”

“Motar talabijin ce!”

“To ai shi na cikinta.”

Na tashi ko naman ban saya ba.

Da gasar ta zo ƙarshe, maki kaɗan ya raba su, kuma tseren ƙarshe nasu ne. Sai na fito da dabara. Na ce ranar kowa shi kaɗai zai tuƙa, agogo ya raba gardama, kuma ba wanda zai ga lokacin wani sai an gama. Na ma canza jadawalin don ya karɓi lokaci maimakon matsayi. Mahaucin na sa ya fara, surukin yana waje yana shan fura. Da ba kowa a gefensa, ya manta da kunya, ya saki motar. Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba.

Surukin ya shigo ya yi nasa, ya faɗa ciyawa yadda ya saba. Na shigar da lokutan, layin mahaucin ya haye sama. Shago ya kaure da ihu. Na ji daɗi ƙwarai, ban ɓoye ba. Surukin ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Allah shi sa albarka, ƙanena.” Mahaucin ko kai bai ɗaga ba. Da aka miƙa masa ɗan kofin da muka tanada, ya karɓa kamar an ba shi garwashi. A bakin ƙofa ya ce mini a hankali, “Malam, kai ka zuwa Dosara yawon Sallah ko ni?”

Talatar da ta biyo baya bai zo ba. Surukin ne ya zo, yana cewa ai yaron nan ya kai masa kofin har gida, haɗe da cinyar rago. Ya ce ya yi ya yi ya mayar masa, ya ƙi. Ga shi can matarsa ta jera shi cikin kwanoni.

Mun fara sabuwar gasa, jadawalin yana aiki lafiya lau, ba wanda ke ɗaga wa wani ƙafa. Tuƙin ne dai babu. Duka muna ta faɗawa ciyawa, mutumin Dosara yana na ɗaya da guminsa. Har yanzu a wajen mahaucin nake sayen nama. Mu gaisa gaisuwa mai tsawo, ya ƙara mini gyara, bai taɓa tambayata wa ke kan gaba ba. Layinsa yana nan a ƙasan jadawalin babu ko maki ɗaya, na kasa goge shi.