Ranar da Aka Gwada Ƙafar Mai Hawan Dabino

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan manta da ranar da aka gwada ƙafar maigidana a ɗakin gashin ƙashi ba. Abin ya faru ne 'yan shekaru bayan an ba mu jiha, lokacin da Dutse ta fara cika da ma'aikata da sababbin gine-gine. Ni kuwa ina amarya a unguwar Limawa, an kawo ni daga Aujara da kayan ɗakina da tarin littattafan soyayya da na ƙi yarda a raba ni da su.

Maigidana mai hawan dabino ne, kuma gado ya yi. Baba, wato mahaifinsa, ya hau har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya miƙa masa igiya. Idan na hango shi can ƙololuwa iska na kaɗa rigarsa, sai in ji duk jaruman da nake karantawa ba su kai shi ba. Ana nan wata rana ƙafarsa ta zame yana saukowa, ya faɗo, ya karye a ƙasan gwiwa. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta rame ta sandare. Wani maƙwabcinmu ma'aikaci ne ya ba da shawarar a kai shi asibiti wurin masu gashi, inda ake motsa gaɓoɓi har su dawo daidai. Ya jima yana zuwa, ya ajiye sanda, kowa a unguwa yana yi masa barka.

Ni kaɗai na san sauran zancen. Ni ke ganinsa a ɗaki idan yana nafila, in zai taso daga sujada sai ya lalubi bango. Na taɓa ganin gwiwar ta lanƙwashe da shi yana tsugune wurin alwala, ya kife kan buta, ya tashi da sauri yana dube-dube ko wani ya gani. Da na yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, “Ke dai kin cika tsoro. Santsi ne kawai.” A littattafan da na saba da su, masoyiya kan zauna gefen gado ta zubar da hawaye, washegari jarumi ya miƙe garau. Na yi kukan, na yi addu'ar, gwiwa dai tana nan yadda take.

Sai ga dabino ya nuna. Tsuntsaye suka fara ɓarna, Baba ya ƙagu, shi ma maigidan ya ƙagu. Likitan gashin ya ce kada ya kuskura ya hau sai ya gwada shi tukuna, ya sa musu rana. Baba ya ce da shi za a je, ya ji da kunnensa. Allah ya sa ranar ta dace da ranar awona, domin ina da ƙaramin ciki a lokacin, na fari. Suka tafi a gaba, na bi baya da tazara, kamar yadda ya dace. Da na gama da ɓangaren mata, maimakon in kama hanyar gida, sai na zagaya na tsaya bakin ƙofar ɗakin gashin, na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

Likitan mutum ne mai raha, ga shi da agogo a hannu. Ya fara sa maigidana ya zauna a kujera, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya dinga tashi yana zama. Ya yi. Ya sa shi tafiya a kan wani layi da aka ja a siminti, diddige na taɓa yatsu. Ya yi. Ya tsayar da shi gefen bango ya ce ya miƙa hannu gaba iyakar iyawarsa ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Sannan ya ce ya tsaya da ƙafa ɗaya, mai lafiyar tukuna, daga baya mai ciwon. Nan ma ya tsaya. Baba yana ta gyaɗa kai. Ni kuwa ina kallon jijiyar wuyansa, na ga yadda ya cije haƙora, na ga gumin da ke bin bayan kunnensa. Dauriya ce kawai ta riƙe shi a tsaye.

Likitan ya ɗauko tef irin na tela ya auna cinyoyin biyu, ya ga ta ƙafar mai ciwo ta fi siranta. Sai ya ce, “Malam, gwajin nan rabi ne. Sauran rabin yana bakinka. Tsakaninka da Allah, ƙafar nan ta taɓa yi maka gardama a gida? Ka taɓa faɗuwa?”

“Ko kaɗan, Likita,” in ji maigidana.

Baba ya ce, “Ai jinina ne. Mu ba a san mu da raki ba.”

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane nauyin abin da ke gabana a lokacin ba. Tun da aka kawo ni gidan, Baba bai taɓa jin muryata ba sai a gaisuwa, ita ma ina durƙushe kaina a ƙasa. Ga ciki na fari, wanda ko ambatonsa ba a yi a gaban manya. Ga kuma ƙaryata miji a gaban mahaifinsa da baƙo. Amma na ga likitan yana shirin cewa to, na hango tsayin bishiyar nan da ƙayoyinta, na tuna abin da ke cikina. Na ce wa raina yau ko za a mayar da ni Aujara sai na faɗa.

Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Na ce, “Baba, a yi mini afuwa. Likita, a sa shi ya tashi daga ƙasa. Ba ya iya tasowa daga sujada sai ya dafa bango.”

Maigidana ya juyo ya yi mini wani kallo da ban taɓa gani a idonsa ba. Baba ya kawar da kai. Likitan kuwa bai ko tambayi ko ni wace ce ba, ya jawo tabarma tsakiyar ɗaki, nesa da kowane bango, ya ce, “Bismillah, Malam. Zauna kamar mai tahiya, ka taso mu gani.” Ya zauna. Ya yunƙura, ya kai rabi, gwiwar ta karkace ciki, sai da likitan ya tallafe shi. Bai bar shi haka ba. Ya ajiye wani soso mai kauri a ƙasa, ya sa shi ya cire takalmi ya hau da ƙafar mai ciwo, ya ce ya rufe ido. Kafin a ce me, ya tafi luu, likitan ya cafke shi ta ƙugu.

“Ka gani?” in ji likitan. “Ƙashi ya warke, wannan ba gardama. Amma ƙafar ta manta yadda za ta gaya wa jiki inda take, ido ne ke yi mata jagora. A kan dabino idonka yana wurin wuƙa da ƙaya. Nan ni na tare ka. Can sama wa zai tare ka, tsuntsu?”

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya miƙe ya gyara hularsa, ya ce, “Bana ba zai hau ba. Zan nemi 'ya'yan ƙanena su yanke.” Ya fita bai dube ni ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini tsawo. Maigidana ya daina yi mini magana sai ta dole, abinci ma ya ɗan taɓa ya ture. Ban ba shi haƙuri a kan abin da na faɗa ba, na dai ba shi haƙuri a kan inda na faɗe shi. Wata safiya ina shara sai na ji Baba daga zaure yana ce wa Inna, surukata, da ƙarfi yadda zan ji, “Ki gaya wa yarinyar nan Allah ya yi mata albarka. Na binne ƙanena da ya faɗo daga dabino, ba na son in ƙara.” Na ajiye tsintsiya na shige ɗaki na sha kuka.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Duk motsin da likitan ya koya masa, ni ce mai tsaro. In ajiye masa matashi ya hau da ƙafa ɗaya, in dinga jefa masa goruba yana cafewa. Ya faɗi, ya tashi, ya ce, “Wai ni matar aure na kawo ko sajan soja?” In ce, “Ranka ya daɗe, saura ɗaya ƙafar.” A haka fushin ya narke ba mu sani ba. Mun koma gwaji an ce da saura, muka dawo muka ci gaba. Sai bayan na haihu, goyo na bayana, ya tsaya a kan soson nan ido rufe kamar an dasa shi, ya taso daga tabarma ba tare da neman kowa ba. Ranar likitan da bakinsa ya ce, “Je ka hau.” Ya kuwa hau, ya yi shekaru yana hawa, da ƙafafunsa ya sauko ya yi murabus.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, kuma har gobe ina durƙusa wa manya. Amma duk kunyar da za ta sa ka yi shiru kana kallon naka zai halaka, ba tarbiyya ba ce. Mai ciwo ya faɗa wa mai gwada shi gaskiya, in kuwa ya kasa, wanda ke ƙaunarsa ya faɗa a madadinsa, ko da za a kwana biyu ba a ga maciji da shi.