Haƙorin Makka Ya Hana Tiren Likita Zama

Assalamu alaikum Edita da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina share hawaye, yau ga nawa. Amma ku kwantar da hankalinku, dariyarsa ta fi kukansa yawa.

Lokacin da abin ya faru ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Minjibir, matar aure da 'ya'ya. Maigidana manomi ne, gero da dawa da gyaɗa. Duk wanda ka tambaya a garinmu zai ce maka Malama akwai kunya, don ba a taɓa ganin na yi dariya ban kai gefen mayafi ko tafin hannu bakina ba. To wallahi ba kunya ba ce. Ni da ko a taron malamai sai hedimasta ya roƙe ni in bar wasu su sa baki? Haƙorana na sama ne suka turo gaba tun ina yarinya, leɓena ba ya rufe su sai na matsa, ga fiƙa ɗaya ta hau kan na kusa da ita. A makarantar allo zomo ake ce mini, a firamare ma haka, yaran da na yi dambe da su a kan sunan nan ba su ƙirguwa. Da na girma aka daina faɗa a gabana, amma hannun ya riga ya saba.

Ni ce 'yar fari, Innata kuma irin matan da ce masu riƙon alkunya. Ba ta faɗar sunana, daga “ke” sai “waccan”, kuma ba ta tsayawa ta kalli fuskata. In za ta yabe ni sai a bayan idona. A gidan suna da gidan biki ake kawo mini labarin tana cewa duk cikin 'ya'yanta babu mai kunyar babbar, ko dariya ba ta yi baki buɗe. Ina ji, in haɗiye abina, don daɗin yabon da zafinsa tare suke zuwar mini.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin ƙanwarta da aka sa wa wayar haƙori a Kano, haƙoran suka koma suka jeru. Na faɗa wa maigidana ina jiran ya ce da girmana. Sai ya ce shi dai da su ya gan ni ya ce yana so, amma in har wannan waya za ta sa ya ga dariyar da ya shekara yana jin ƙararta ta bayan mayafi, in shirya. Kaka ta yi kyau a shekarar, da bazara ta kama na hau motar Kano, na sauka na shiga adaidaita sahu zuwa wani asibitin haƙori ta wajen Ungogo.

Likitar mace ce, Bakanuwa, ba ta kai ni shekaru ba, ga fara'a. Ta zura mini wata na'ura mai kama da tocila a baki tana zagayawa da ita, sai ga haƙorana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfuta, manya-manya, tana juya su yadda ta ga dama. Tabɗi! Ban taɓa ganin abin da mutane ke gani ba sai ranar. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Akwai ƙananan ƙarafa kamar ƙwayar shinkafa da ake manna wa kowane haƙori, su ne ke riƙe wayar, kuma aikin duk ya rataya ne a kan kowanne ya zauna daidai inda ya kamata. A kwamfuta za ta tsara mazaunin kowane ƙarfe, sannan inji ya fitar da wata roba garai-garai mai siffar haƙorana, suna ce mata tire, da ƙarafan jere a cikinta. Ranar sawa sai a shafa gam, a kifa tiren a kan haƙora, a haska fitila gam ɗin ya bushe, a ɓare robar, ƙarafan su tsaya gaba ɗaya. Ta ce tiren nawa ne ni kaɗai, ko bakin 'yar'uwata ba zai shiga ba, don haka kada in cire haƙori, kada a yi mini ciko, har sai ta sa mini.

Nan na faɗa mata ina da tafiya, ƙanena da ke kasuwanci a birni ya biya wa Inna kujerar Makka, ya haɗa da ni don in kula da ita, shi kuma ya raka mu. Ta yi mini barka, ta ce hakan ma ya fi, sabuwar waya tana da ciwo a farko, in je in dawo, kafin nan tire ya gama haɗuwa yana jirana.

Aikin Hajji kam sai wanda ya je. Inna da ke kukan gwiwa a gida, a can ni ke haki a bayanta. Da aka kammala aka shiga sayen tsaraba, matan masaukinmu suka riƙa tafiya rukuni-rukuni wajen masu sa haƙori, su dawo kowa na yaƙe baki tana ƙyalli. Inna ta je aka sa mata nata, abin da ta yi shekaru tana mafarki. Tana tashi daga kujerar sai ta dubi ƙanena, ba ni ba, ta ce ya gaya wa waccan ta zauna, ita ba za ta koma gida da Hajiyar da sai an yi wa mutane bayani ba. Kada ku ce na manta da maganar likita, na tuna sarai. Amma cirewa ta ce da ciko, wannan kuwa a wajena ado ne, kamar lalle ko kwalli, ban ma lissafa shi cikin aikin haƙori ba. Sannan ga abin da ya fi ƙarfina: tunda nake ba a taɓa son a ga haƙorana ba sai ranar, kuma Inna ce da kanta ke so. Na zauna. Mutumin ya ɗan goge na kusa da fiƙa da injinsa, ya kifa mini haƙorin Makka a kansa, kafin in gama salati an gama. Inna ta saci kallona ta gefen ido, ta ce wa bango ya yi kyau. Wayyo daɗi!

Mun dawo damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Aka tare mu da guɗa, gida ya cika, ana rabon dabino da zamzam. Kowa ya shigo sai ya ce Hajiya a yi mana murmushi mu gani, ni kuma in ɗage gefen leɓe kaɗan, iya inda haƙorin yake, in mayar. Inna kuwa har da masu tallar nono sai da suka san ita da babbar iri ɗaya aka sa musu.

Da baƙi suka lafa na koma asibiti da ƙullin dabino na likita. Na kwanta a kujera, ta ɗauko tiren, ta ce bari ta gwada zamansa kafin a taɓa gam. Ɓangaren hagu ya zauna ɗas. Na dama ya ƙi, ta danna nan can ya ɗaga. Ta matso da fitila ta leƙa, sai ta sauke takunkuminta ta fashe da dariya har da riƙe ciki, tana cewa Hajiya me za ta gani haka. Ni kuwa raina ya ɓaci, na tashi zaune na ce ai ba ta ce kada in sa haƙorin Makka ba, cirewa ta ce da ciko, in kuwa ƙarya nake ta faɗa. Ta ce gaskiyata, ita ma da ta yi mini barka da tafiya ko kaɗan abin bai faɗo mata ba, alhali mahaifiyarta ma tana da shi.

Da dariyar ta wuce sai magana ta zama babba. Ta ce haƙorin ya ƙara kauri, tiren kuma a kan tsohuwar siffarsa aka yi shi, ya tashi aiki ke nan. Gam ba ya kama irin wannan ƙarfen da kyau, ga bakinsa yana danne mini dasashi, in aka ɗora waya abinci zai riƙa maƙalewa. Sai dai a cire shi, a gyara inda aka goge, a sake ɗaukar hoton bakin, a yi sabon tire. In kuma ba zan iya rabuwa da shi ba, a bar maganar waya.  Abu ɗaya tak da Inna ta taɓa zaɓa mini da bakinta, shi zan je in ce na ɓamɓare? Har na isa Minjibir ban san mun wuce gonakin hanya ba. Na ce wa maigidana na haƙura da gyaran, mayafi bai ƙare a kasuwa ba.

Ashe da ya je gaida Inna sai ya kwashe labari ya faɗa mata. Sai ga aike, wai in shirya, za ta je ta ga likitar da ba ta son haƙorin Makka. Ta ci ado da mayafinta na Madina, ina ganinta na san faɗa ta ɗauro.

Likita ta russuna ta gaishe ta, ta ba ta kujera, ba ta yi gardama ba, sai kawai ta juyo mata da kwamfutar. Inna ta tambayi bakin wane ne wannan. Aka ce na 'yarta ne, kafin tafiya. Allah sarki, matar da ba ta iya kallon fuskata, ga shi an ba ta inda za ta kalla babu kunya, ta ƙura ido ta daɗe. Ta ce a juya mata shi ta gefe, aka juya. Aka nuna mata yadda za su koma in an gama. Sai ta tambayi likita ko irin waɗannan haƙoran suna ciwo. Likita ta ce ga mai su nan, a tambaye ta. Ni ma kwamfutar na kalla, na ce a baki dai ba sa ciwo. Daga nan bakina ya ɓalle, na faɗi zomo, na faɗi damben, na faɗi dalilin mayafin, ina yi hawaye na zuba, hannuna kuma yana kan bakina ban ma sani ba.

Inna ta saurara har na gama. Can ta ce ashe duk shekarun nan ba kunya ba ce, ita kuma tana ta yawo da shi gidan biki. Sai ta juyo gaba ɗaya ta kalle ni cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ta ce in sauke hannuna. Na sauke. Ta ce wa likita a cire, Wanda muka je dominsa ya san wanda ya tsaya a Arfa, ba sai ya leƙa bakin kowa ba. Amma a miƙo mata shi a hannunta, kada ta ga an nufi kwandon shara da shi.

Ranar sabon tire ma da ita aka je. Likita ta kifa shi, na ji ya zauna ɗas hagu da dama, ta haska fitilarta, ta ɓare robar, ta miƙo mini madubi. Inna ta leƙo ta ce ikon Allah, an cire ƙarfe ɗaya an cika baki da ƙarafa, wannan wace irin riba ce. Muka yi ta dariya har da ma'aikatan. Na sha ciwo, ban ɓoye muku ba, na yi sallama da rake da gasasshiyar masara, ɗalibaina suka sa mini Malama mai waya. Ko a jikina.

Sai da aka kusa shekara biyu aka cire. Daga asibiti gidanmu na wuce, na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, dariya ta ƙwace mini. Ta kwance bakin zaninta, sai ga haƙorin nan a ƙulle. Na ɗauka cewa za ta yi a mayar, kuma wallahi da na mayar. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake ƙulle abinta, ta ce ya zauna a wajenta, kada a ƙara rufe komai a bakin nan.

Abin da na koya, duk wanda aka auna bakinsa don wannan aiki, kada ya bari a taɓa masa haƙori ko da sunan ado ne sai ya tambayi likitansa, musamman maniyyata. Likitata yanzu duk wanda ya zo sai ta tambaye shi ko yana da niyyar sauke farali. Kada kuma ku yanke hukunci a madadin iyayenku kamar yadda na so yi, na kusa haƙura da abin da Inna ba ta taɓa hana ni ba, sani ne kawai ba ta yi ba. Iyaye kuma, in kun ga ɗa yana rufe baki in zai yi dariya, ku tambaye shi dalili kafin ku fara yabonsa. Inna dai yanzu ta canja magana a gidan biki. An ce tana faɗa wa mata duk cikin 'ya'yanta babu mai ƙarar dariyar babbar, tun daga zaure ake jiyo ta, kuma kada wanda ya kuskura ya hana ta.