Lomar Addis Ababa

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga Azare, ni da abokin kasuwancina, a wata tsohuwar Fijo da ba ta tashi sai an tura. Kafin gadar Jama'are ya yi barci, ya bar ni da ramuka da tunanin Inna.

Mahaifiyata ce, tana kwance a Disina tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannun cin abincin ya tafi, ita kuma ta ƙi yarda kowa ya ba ta a baki. Kunu take kurɓa da hagu, rabi a zane, kullum tana ƙara ramewa. Ni ɗan farinta ne, ita kuma Bafulatana. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ban taɓa ganin tana tauna ba. Na je sallama, ta ce wa bango, "A sauka lafiya."

Daga Kano muka bi jirgi zuwa Legas, daga can sai Addis Ababa. Dubai muka nufa sarin yadi, amma abokina ya nace mu ɗan yada zango mu huta. Hutun da sanyi ya fara. Garin a kan tsaunuka yake, na fito da 'yar shara kamar mai zuwa kasuwar Shira, haƙorana suna kaɗawa.

Muka sami wani direban tasi Musulmi, mai shuɗiyar mota sa'ar Fijonmu. Ya zaga da mu babbar kasuwarsu, inda jakuna da motoci ke rabon hanya, masallaci da coci suna kallon juna. Takalmin fata da araha, gahawa kuwa kusan kyauta. A gangaren dutse na ga tsofaffin mata sun goyo itacen turare, fararen mayafansu sun yi ƙura. Duk wadda na kalla, Inna nake gani. Da na buga waya gida, ƙanena ya ce, "Yaya, yau ma ludayi biyu ta sha."

Ranar da za mu wuce, direban ya kai mu gidansu cin abinci. Aka kawo injera, wata shimfiɗeɗɗiyar waina mai faɗin faifai, da tsami kamar sinasir ɗin da ya kwana. Na kasa ci, ba don tsamin ba. Mahaifiyarsa tana gefe tana soya gahawa, ta lura da ni. Sai ta wanke hannu, ta naɗe loma da miya, ta miƙo har bakina. Na ja da baya, abokina ya ƙunshe dariya. Direban ya ce al'adarsu ce, wanda kake ƙauna kake ba wa, kuma ba a mayarwa.

Na buɗe baki. Da gemuna da furfurata, hawaye ya zubo mini a gidan mutane. Kewar Inna ta taso mini, ba ta kwanakin tafiyar ba, ta tun ina yaro.

Dubai dai an yi sari an dawo. Abin da tafiyar ta koya mini bai shiga jaka ba: ashe akwai abin da baki ke jin nauyin faɗa, hannu ya faɗe shi.

Ban kwana a Azare ba, na wuce Disina. Na sa aka tuƙa tuwo mai laushi da miyar kuka, na ce kowa ya ba mu wuri. Na wanke hannu, na zauna a bakin gadonta, na miƙa loma. Ta kawar da kai.

"Wannan rashin kunyar a can ka koyo?"

"A can, Inna. Kuma sun ce ba a mayarwa."

Hannuna ya daɗe a sama, ban sauke ba. Ba ta dube ni ba, amma ta karɓa. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, idonta a kan bango.

"Gishirin bai ji ba," in ji ta. "Ƙaro."