Malam Falalu da Kwalbar Gwada Gas

Da hantsi za ka tarar da Malam Falalu a rumfarsa ta gindin darbejiya, bakin hanyar Bakura, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu, ga wata tsohuwar kwalba kusa da ƙafarsa. Shekara talatin da biyu ke nan yana gyara wa manoman rani injunan ban-ruwa. Bana zai ajiye aiki, ido ya fara gajiya. Ni kuwa har yau raina a ɓace yake kan abin da muka yi masa bara.

Mu nan da hayaƙi muke gane gas: in inji bai turnuƙe ba, mai ya yi kyau. Sai ga wani mai jarkoki ya shigo da gas mai araha, hayaƙinsa kaɗan. Muka yi ta rububi. Ba a yi wata guda ba injuna suka soma tari, ƙarfinsu ya ragu, ruwa ya daina kai ƙarshen gona. Wa muka zarga? Falalu! A tsakiyar kasuwar Mafara aka ce yana sace kayan inji yana sa tsofaffi. Rumfarsa ta yi sati uku ba kowa.

Dikko, ɗaya daga cikinmu manoma, shi ne ya koma masa, don shinkafarsa ta yi ciki, kwana huɗu ba ruwa. Falalu bai taɓa injin ba. Ya tsiyayi man a kwalba, ya ɗiga ruwa, ya girgiza, ya ajiye. Nan take man ya rabu gida biyu.

"Ka gani? Wanga ba gas zalla na ba," in ji shi. "Itanol anka zuba, wanda aka tatsowa daga rake. In masana sunka haɗa shi kaɗan, da maganin da ka riƙe shi, yana rage hayaƙi. Amma wanga dama shi anka yi kamar fura. Ba maiƙo gare shi, shi ya cinye maka famfon mai. Kuma kak ka kuskura ka kai ashana kusa."

Ya wanke tanki, ya canza famfo, kafin la'asar ruwa ya shiga gonar Dikko. Labari ya bazu har Maradun, mai jarkoki ya ɓace, mu kuma muka koma rumfar muka jere injuna kamar ba mu ce komai ba. Ko mutum ɗaya bai buɗe baki ya ce a yi haƙuri ba.

Malam Falalu, kai ne muka kira ɓarawo, kai ne kuma ka ceto mana shinkafa, ba ka taɓa yi mana gori ba. Likitan inji, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa a sana'ar nan, ku koyi duba mai kafin ku kwance inji.

Mu kuma, a kasuwar Mafara muka ɓata masa suna. Ranar Talata ina can, ni zan fara ba shi haƙuri, don har da bakina a ciki.