Mai Gadin Duwatsu Masu Barci

Wai Dogo waƙar reno yake yi wa jerin duwatsun bayan gari, shi ya sa suka shekara dubu uku ba su yi aman wuta ba. Ƙarya ce, da sun ji muryarsa da tuni sun farka. Aikinsa canza takardar na'urar da ke zana motsin ƙasa. Tun ranar da guduma ta suɓuce masa kusa da allurar na'urar, zanen ya karkace, gari ya watse a guje, da sanɗa yake shiga ɗakin, tsoron kora.

Taubashinsa ya ce, "Malalaci, shekara ashirin kana gadin miƙaƙƙen layi!"

Dogo ya ce, "Ranar da ya karkace, da tumbin nan naka, wa zai ɗauke ka?"