Dutse Uku a Gwangwanin Madara

Shekara arba'in na yi ina ƙirar farfaru, amma ban taɓa mantawa da ranar kasuwar Yankara da Inna Dije ta tsuguna a bakin rumfata ba. Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi kuwa da fam da sule suke ciniki abinsu. Kowa na son gwal. Mu masu aikin azurfa da zinariya muka zama 'yan gata, har muna yi wa maƙeran garma da fartanya kallon ƙauyawa. Ina zaune a Faskari, ina bin kasuwanni, yau Yankara, jibi Sabuwa, wani satin Kankara, da akwatin aikina a bayan sabon babur. Kaina na rawa, ina ganin babu abin da ya rage mini in koya.

Inna Dije tsohuwa ce daga Ruwan Godiya, mijinta ya rasu da kamar shekara biyu. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani zobe da ya yi baƙi da lalle da maiƙo, da ɗan dutse a kansa wanda sai ka ƙura ido za ka ce shuɗi ne. Ta ce marigayin ya kawo mata shi daga Makka, tun zamanin da ake tafiya a ƙasa. Ya yi wa wani attajiri aiki a Jidda, da zai taho aka yi masa sallama da shi. Yanzu sayarwa za ta yi, injin niƙa take so. Gidansu baki ya fi ashirin, ita da matan 'ya'yanta biyu suke durƙusawa a kan dutsen niƙa tun asuba, bayanta ya ƙi, ɗaya daga cikin surukan kuma ga tsohon ciki.

Ku yaran yanzu, bari in gaya muku yadda muke yi a lokacin. Da farko ka goga zoben a dutsen gwaji, ka ɗiga ruwan gwaji a kan zanen. In zanen bai ɓace ba, gwal ne. Sannan ka ɓamɓare dutsen da ke kai, domin ba a sayen kwalba da kuɗin gwal. Sai ka ɗora a sikeli. Dutsen kuwa a wani gwangwanin madara muke jefawa, don tun da na tashi a gidanmu ban taɓa ganin wanda ba kwalba ba. In sun taru sai mu liƙa su a 'yan kunnen tagulla na amaren ƙauye. Haka na yi wa zoben Inna Dije, ko kallon dutsen ban yi sau biyu ba.

Gwal ɗin mai kyau ne, amma ya suɗe. Da na faɗa mata kuɗinsa sai ta ga ko kwatan inji ba zai saya ba. Ta ce in maida mata abinta yadda na gan shi, gara ta mutu da shi a hannu.

Na juye gwangwani a kan tabarma. Sai ga shuɗin dutse har uku, girmansu ɗaya, dukkansu sun yi dauɗa. Na rasa wanne ne nata. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan, ina ta 'yan dabaru kamar mai neman wani abu daban.

"Kai ɗan nan, mi kake ta juyawa?" in ji ta. "Nawa ba shi jin dutse. Shekara talatin ina niƙa da shi a hannu, gwal ɗin ya ƙare, shi ko gezau. Har madubina ya ja ma layi."

Da farko na ɗauka maganar tsofaffi ce. Amma tunda ba ni da wata hanya, sai na ɗauko zarto. Na goga na farko, ya yi fari ya zubo da gari. Na biyu ma haka. Na uku kuwa zarton ya zame a kansa, na ƙara ƙarfi, haƙoran zarton suka dakushe, dutsen ko alama. Ba zan ɓoye muku ba, zuciya ta raya mini wani abu a wannan lokacin, ganin idon tsohuwar ya yi rauni, ga sauran kwalabe a gabana. Na yi a'uziyya, na ji kunyar kaina, na maida mata dutsenta na ɗaure shi da kyau. Na roƙe ta ta biyo ni Faskari washegari.

A sana'armu ba ka yanke hukunci kan abin da ka jahilta sai ka kai wa Sarkin Maƙera. Namu a lokacin dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya wanke zoben, ya ɗaga shi a rana, ya ɗora dutsen a harshensa ya ce sanyi gare shi, ba irin na kwalba ba.

"Mamman, wanga ya fi ƙarfin sikelinka, ya fi ƙarfin nawa," in ji shi. "Kai shi Kano. Kuma kada ka tahi ba mai shi."

Na ce to, ranka shi daɗe. Har na kai bakin zaure ya kira ni ya tambaye ni shekara nawa gwangwanin nan nawa ya yi yana cin duwatsun mutane.

Inna Dije dama ta ce ƙafarta ƙafar zobenta. Muka shiga mota zuwa Funtua, daga nan Kano, ita da babban ɗanta da ni. Ba ta taɓa zuwa birni ba, amma ko gini ɗaya ba ta kalla ba, hannunta na dunƙule a ƙirji. Muka sami wani dattijo Balarabe mai shagon gwal da Sarkin Maƙera ya kwatanta mana. Ya maƙala ɗan madubi a idonsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shuɗin yakutu ne, wanda 'yan kasuwar duwatsu ke kira safaya. Ya ce fuskarsa ta dushe, sai an sake goge ta kafin a yi masa kima, kuma ba da kayan aikina ba, sai a kan wani faifai mai juyawa da ake shafa wa garin daimon. Kwana uku ya ɗiba. Muka sauka gidan wani ɗan garinsu, Inna tana aikena shagon safe da yamma in gano mata ko Balarabe ya gudu.

Ranar da muka koma, ya buɗe auduga ya ajiye zoben a gabanta. Shuɗi ne mai zurfi kamar sabon rini, in ka juya shi haske na gudu a ciki. Inna Dije ta kalla ta ture shi, ta ce an musanya mata, nata ba haka yake ba. Balarabe ya yi dariya har da hawaye, ɗanta ya yi ta ba da haƙuri, ni kuma na ce ta dai sa a yatsa. Ta sa. Gefen da ya suɗe ya zauna daidai a gurbin da ya yi wa yatsarta.

"Shi ne," in ji ta a hankali. "Ashe haka yake ranar da Malam ya ba ni. Na mance."

Sai ga ta tana share ido da gefen mayafi. Na ce a raina shi ke nan, cinikin nan ya mutu, kuma wallahi ban ji haushi ba.

Balarabe ya rubuta takarda da nauyin dutsen da launinsa da kimarsa, ya buga hatimi. Ya yi tayinsa irin na ɗan kasuwa, amma ya gaya mana gaskiya cewa in muka sami wanda zai sa a hannunsa zai fi ba da daraja. Ina da irin wannan mutumin a Kankara, wani Alhaji ɗan kwangilar hanya da kuɗi suka yi wa yawa. Inna ta sa zoben a hannu tun daga Kano, duk inda rana ta shigo ta tagar mota sai ta miƙa yatsa. Da muka isa, Alhaji ya sa aka karanta masa takardar sau biyu, ya biya abin da aka rubuta bai rage ko sisi ba. Ita da kanta ta zare zoben ta miƙa masa, ta ce ya riƙa cirewa in zai yi aikin ƙarfi. Mutumin da ko buta ba ya ɗauka da kansa.

Kafin damina injin ya iso Ruwan Godiya, aka yi masa rumfa a ƙofar gida, ɗanta ya koyi tayar da shi. Bayan sati na biya ta can da sassafe. Inji na ta ƙara, matan unguwa sun jera ƙorai, surukar nan da jaririnta a baya tana karɓar gari. Inna Dije na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, hannuwanta a kan cinya, ta rasa abin da za ta yi da su. Ta ce mini tun tana 'yar shekara goma ba ta taɓa ganin fitowar rana a zaune ba sai satin nan.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Sikeli nauyi kawai ya sani. Duk wanda ya kawo muku kayansa, ku tambaye shi labarin abin kafin ku taɓa zarto, domin shi ya zauna da shi, ku yau kuka gan shi.